Man shanu a cikin gahawar safe: abin da ya kamata ku sani

Wanda ya saba da teburin mai shayi zai ji abin bambaraƙwai. A dafa gahawa baƙa wuluk, ba madara ba sukari, a jefa mata man shanu babban cokali biyu da man kwakwa cokali ɗaya, a kaɗa har ta yi kumfa, a shanye, a ce shi ke nan an karya kumallo. Ba burodi, ba ƙwai, ba komai sai azahar. Haka dai mutane da yawa a Amurka da Turai suke buɗe yininsu tun shekaru goma da wani abu da suka wuce, kuma yanzu bidiyon haɗin ya cika wayoyinmu, tare da alkawura masu daɗin ji: wai yana rage teɓa, yana wartsake ƙwaƙwalwa, yana hana yunwa har rana ta yi tsaka.

A cikin waɗannan alkawura akwai mai ƙamshin gaskiya, akwai wanda aka yi wa ƙarin gishiri, akwai kuma wanda talla ce zalla. Kafin a rarrabe su, yana da kyau a san inda abin ya samo asali, domin asalin nasa ne yake bayyana inda aka kauce.

Wani ɗan kasuwar fasahar kwamfuta ne a Amurka, Dave Asprey, ya yayata shi. A shekarar 2004 ya yi tafiya zuwa yankin Tibet, kusa da dutsen Kailash, inda sanyi da ƙarancin iska suka galabaitar da shi. Mutanen wurin suka ba shi shayinsu na gado, wanda ake haɗawa da gishiri da man wata irin saniya mai dogon gashi da ake kira yak. A cewarsa, yana sha ya ji ƙarfinsa ya dawo. Da ya koma gida sai ya musanya shayin da gahawa, ya musanya man yak da man shanun da suka yi kiwon ciyawa, ya ƙara wani tataccen mai da ake kira MCT. Ya wallafa haɗin a 2009 da sunan Bulletproof, ya fitar da littafi a kan tsarin cin abincinsa a 2014, ya buɗe shagon sayar da gahawar a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a 2015. Kamfanin da ya kafa kuma ya riƙa sayar da gahawar da man da ya ce su ne suka dace. Wannan ba laifi ba ne, amma mai karatu ya riƙe a ransa cewa wanda ya fi kowa yabon abin shi ne ya yi kasuwancinsa.

Ba shi ya fara haɗa maiƙo da abin sha mai zafi ba. A Habasha, ƙasar da gahawa ta fito, 'yan ƙabilar Gurage suna zuba man shanu a gahawarsu, Oromo kuma suna da al'adar soya 'ya'yan gahawa a cikin man shanu lokacin bukukuwa da addu'o'i. A tsofaffin shagunan gahawa na Singafo har yanzu ana iya samun mai ɗora yankan bota a saman kofi.

Sai dai a duba rayuwar mutumin Tibet ɗin nan da aka kwaikwaya. Yana zaune ne a tudun da ya haura mita 4,000 sama da teku, inda hatsi kaɗan ne ke yi, sanyi kuma yana cin ƙarfin jiki ko mutum yana zaune. Yini yake yi yana bin dabbobi a kan duwatsu. Shayin nan yana ɗumama shi, maiƙon yana hana leɓɓansa tsagewa, kuma ba shi kaɗai yake sha ya tashi ba: da shi yake kwaɓa garin soyayyen sha'ir, wanda shi ne babban abincinsu. An ɗauko abin shan makiyayi mai aikin ƙarfi a cikin ƙanƙara, an miƙa wa mai zaman ofis a ƙarƙashin fanka, an bar sanyin da duwatsun a can.

Lissafin da ke cikin kofin

Gahawa baƙa kusan babu kuzarin abinci a cikinta, kalori biyu ne ko uku a kofi. Maiƙo kuwa shi ne abincin da ya fi kowane nauyi: kowane giram ɗaya yana ɗauke da kalori 9, alhali sitaci da furotin 4 suke da shi. Babban cokali ɗaya na man shanu yana da kalori kusan 100, na man kwakwa kusan 120. Cokali biyu na wancan da ɗaya na wannan sun ba da kalori 320 ke nan, wato abin da ke cikin dafaffen ƙwai huɗu. Masu cika hannu suna kai shi 450. Bambancin shi ne ƙwai huɗu suna ba jiki furotin giram 24 ko fiye, kofin nan kuwa ko giram ɗaya bai cika ba. Babu dusar hatsi ko ganye da hanji ke buƙata, babu sinadarin ƙarfe na kirki, babu bitamin C. Akwai dai ɗan bitamin A a cikin man shanun.

Ke nan abinci ne, ba abin sha ba ne kawai, kuma abinci ne mai nauyi amma maras gina jiki. Duk sauran maganar a kan wannan take tsaye.

Waɗanda suka tsara shi sun san da haka. Sun tsara shi ne ya maye gurbin karin kumallo gaba ɗaya, a cikin tsarin cin abincin da ake kira kito, wanda ake yanke hatsi da sukari kusan duka don jiki ya koma ƙona kitse. Shi ma tsarin kito ba don rage ƙiba aka fara shi ba. A 1921 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya tsara shi don masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani bai yi musu aiki ba, ƙarƙashin kulawar likita. Mutumin da ya yanke shinkafa da burodi da tuwo, idan ya sha kalori 320 na mai da safe, lissafinsa na iya daidaita. Amma wanda ya sha wannan kofi, ya bi shi da burodi da wainar ƙwai, ya ci shinkafa da rana, ya ci tuwo da dare, ƙari ya yi a kan abin da ya saba ci. Idan ya ɗore a haka kullum, sikeli sama zai yi. A nan mafi yawan masu kwaikwayo suke faɗawa, musamman a wurinmu da hatsi ne ginshiƙin kowane kwano.

Batun hana yunwa gaskiya ne, amma ba abin mamaki ba ne. Mai yana daɗewa a ciki kafin ya wuce, shi kuma sinadarin kafin, wato wanda ke cikin gahawa mai hana barci, yana ɗan danne sha'awar abinci na wani lokaci. Sai dai idan aka kwatanta kalori da kalori, furotin ya fi mai riƙe ciki, kuma abin da aka tauna ya fi abin da aka kurɓa ƙosarwa. Ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai za su riƙe mutum ba tare da ya sha mai ba.

Wartsakewar ƙwaƙwalwa kuwa, wadda aka fi tallatawa, tana da bayani mai sauƙi. Kofin gahawa na yau da kullum yana da kafin kusan miligiram 95, kuma an daɗe da tabbatar da cewa wannan yana kore gyangyaɗi, yana ƙara natsuwa a kan aiki. Ƙananan gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa ƙarin mai yana sa ƙwaƙwalwar lafiyayyen mutum ta fi aiki a kan abin da baƙar gahawa take yi ba. Wanda ya bar shayi mai cokali huɗu na sukari da farin burodi ya koma wannan haɗi zai iya jin kasalar hantsi ta ragu, amma barin sukarin ne ya yi masa aiki.

Man kwakwa ba shi ne MCT ba

Nan ne aka fi ruɗa mutane, don haka sai an ɗan tsaya. Kowane maiƙo an gina shi ne da wasu ƙwayoyi masu kama da sarƙa, wasu dogaye wasu gajeru. Yawancin man da muke ci, man gyaɗa da manja da kitsen nama, dogayen ne. Jiki yana buƙatar ruwan madaciya ya narkar da su, sannan su bi doguwar hanya kafin su shiga jini, a ƙone wasu a adana wasu. Masu matsakaicin tsawo, su ne MCT, gajeriyar hanya suke bi: daga hanji kai tsaye zuwa hanta, inda ake saurin ƙone su, wani ɓangare ya zama sinadarin kiton wanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da shi a madadin sukari. Saboda wannan ne likitoci suka daɗe suna ba da MCT ga marasa lafiyar da hanjinsu ba ya iya narkar da kitse.

Ana tace MCT daga man kwakwa ko man ƙwarar manja, shi ya sa 'yan talla suke haɗa su wuri ɗaya. Amma ainihin masu bin gajeriyar hanyar nan ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na man kwakwa ba. Kusan rabinsa wani nau'i ne da ake kira lorik, wanda a takarda ana lissafa shi cikin matsakaita, amma a cikin jiki yawancinsa hanyar dogaye yake bi. Binciken farkon shekarun 2000 da ya nuna MCT na ɗan ƙara ƙona kuzari, da tataccen mai aka yi shi, ba da man kwakwar kanti ba. Ko tataccen ma, da aka tattara gwaje-gwaje aka duba a 2015, abin da aka samu shi ne ragin kimanin rabin kilo cikin makonni goma, kuma a wurin waɗanda suka musanya wani mai da shi ne, ba waɗanda suka ƙara shi a kan abincinsu ba. Rabin kilo ba ƙarya ba ne, amma bai kai abin da za a buga masa ganga ba.

Abin da zuciya take gani

Man shanu da man kwakwa duk suna cikin maiƙon da ke daskarewa idan an yi sanyi, kamar yadda kowa ke ganin kwalbar man kwakwa ta yi fari ta sandare lokacin hunturu. Irin wannan maiƙo yana ɗaga nau'in kolestarol da ake kira LDL, wanda idan ya yi yawa yake taruwa a bangon jijiyoyin jini, ya ƙuntata su a hankali har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke ci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 22 ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fi tsanantawa, kusan giram 13 ta ce. Cokalin man shanu yana da giram 7, na man kwakwa giram 11 zuwa 12, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa mai daskarewa ne, ya ma fi man shanu da kitsen sa. A haɗa lissafin kofinmu: giram 25 ko 26. An cinye rabon yini guda, har da ƙari, tun kafin a fita daga gida, ga miyar rana da manjanta da namanta suna jira.

Ba a rufe muhawara a kan man kwakwa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A 2017 ƙungiyar likitocin zuciyar nan ta fito fili ta ce ba ta ba da shawarar amfani da shi ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka raba mutum kusan 90 gida uku, kowa ya ci giram 50 kullum na man kwakwa ko man shanu ko man zaitun har mako huɗu. Man shanu ya ɗaga LDL sosai, man kwakwa kuwa bai bambanta da na zaitun ba a wannan gwajin, ya ma ɗaga HDL, nau'in kolestarol ɗin da ake yi wa kallon mai amfani. Masu sayar da man kwakwa sun yi murna. Amma a 2020 masu bincike a Singafo suka tattara gwaje-gwaje 16 wuri ɗaya, suka ga cewa idan aka kwatanta da irin su man zaitun da man waken suya, man kwakwa yana ɗaga LDL da kimanin maki 10, kuma bai rage ƙiba ko sukarin jini ba. A ganina gwaji goma sha shida sun fi ɗaya nauyi. Kuma a lura, a duka ɓangarorin biyu babu wanda ya wanke man shanu, wanda shi ne kaso mafi yawa a cikin kofin.

Jikin mutane ya bambanta. Akwai wanda zai sha wata da watanni jininsa bai motsa ba, akwai wanda cikin makonni kolestarol ɗinsa zai yi tsalle, musamman wanda ya gaji matsalar a dangi. Abin takaicin shi ne hawan kolestarol ba ya ciwo, ba ya sa jiri, ba ya ba da wata alama. Mutum na iya jin garau, yana yabon gahawarsa, jijiyoyinsa na cikewa. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa.

Ita kanta gahawar tana da hannu, kuma wannan ba kowa ya sani ba. A cikin 'ya'yanta akwai wani maiƙo mai suna kafestol da ke ɗaga kolestarol. Takardar tacewa tana riƙe shi, gahawar gwangwani da ake zuba wa ruwan zafi ma kaɗan take da shi. Amma wadda aka tafasa da garinta a tukunya aka tsiyaye, irin ta Turkiyya ko jabanar Sudan, tana ɗauke da shi. Wanda ya haɗa irin wannan da man shanu ya tara abu biyu masu tura jini hanya ɗaya.

Waɗanda ya kamata su yi nesa da shi

Mai ciwon zuciya, da wanda aka taɓa gaya wa kolestarol ɗinsa ya hau, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi bugun zuciya da ƙuruciya, ba su da abin nema a nan. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan irin su gilibenkilamaid, idan ya sha magani ya bar abinci ya tsaya a kan mai da gahawa, sukarinsa na iya faɗuwa warwas ya yanke jiki ya faɗi. Kada ya sauya karin kumallonsa sai da sanin likitansa. Mai tsakuwa a madaciya ya san yadda abinci mai maiƙo ke tayar masa da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki kuwa, gahawa da mai a cikin da babu komai suna cikin abubuwan da ake hana shi. Mai juna biyu ana so kada kafin ɗinta ya wuce miligiram 200 a yini, kuma ita da mai shayarwa furotin da sinadarin ƙarfe suke buƙata da safe, ba mai ba. Ga sauran manya masu lafiya, iyakar da hukumomin Turai da Amurka suka ambata ita ce miligiram 400, kusan kofi huɗu.

Wasu suna tambaya ko ya dace da sahur, tunda an ce yana riƙe ciki. Ba zaɓi ne mai kyau ba. Mai azumi a lokacin zafi ruwa yake buƙata da abincin da ke narkewa a hankali, kunu ko fura ko wake. Mai da gahawa kafin a koma kwanciya bayan asuba hanya ce ta tayar da ƙwannafi, ga barcin da zai gudu. Masu tsarin ƙaurace wa abinci na sa'o'i don rage ƙiba su ma su sani cewa kalori 320 ci ne, ko da a kofi aka sha shi.

Idan lafiyayyen mutum ya ce shi dai ɗanɗanon yake so, babu mai hana shi, kuma gaskiya idan aka kaɗa shi da kyau yana da laushi a baki kamar an zuba madara mai kauri. Ya fara da ƙaramin cokalin shayi. Tataccen MCT musamman yana murɗa ciki ya sa zawo ga wanda ya fara da babban cokali. Juyawa da cokali ba ta haɗa mai da ruwa, man zai taso ne ya kwanta a sama. Sai da na'urar markaɗe ko maburgi, kuma a yi hattara da rufe ruwan zafi a cikin na'ura, tururi na iya cilla murfin. Man shanun da aka sayo a kasuwa ɗanye a soya shi tukuna kamar yadda ake yi kafin a zuba a tuwo, domin wanda aka kaɗa daga madarar da ba a dafa ba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar burusela mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. A tuna kuma soyayyen ya fi ɗanye nauyi, tunda ruwansa ya ƙone: cokalinsa ya kai kalori 120. Botar da mai shayi ke shafa wa burodi kuwa yawanci ba man shanu ba ce, man tsirrai ne da aka daskarar, kuma ba ita masu haɗin suke nufi ba.

Wanda ya mai da shi abin kullum, ya rage mai a wani wuri cikin abincin yininsa, ya tabbata yana samun wake ko ƙwai ko kifi da ganye a sauran cin, sannan ya je a auna kolestarol ɗinsa kafin ya fara, a sake aunawa bayan wata biyu ko uku. Idan LDL ya hau, ya bar man ya ci gaba da gahawarsa.